Darasi: Sirrin Jama'a a Hannun Hukuma da Haƙƙin Ɗan Jarida

Manufofin darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. faɗin abin da doka take nufi da bayanan mutum, da irin waɗanda ta fi tsananta tsaronsu;
2. rarrabe abin da ya wajaba hukuma ta gaya wa 'yan jarida da abin da doka ta hana ta fitarwa;
3. kawo dokokin Najeriya da suka shafi wannan batu;
4. sanin inda zai kai kuka idan an fallasa bayanansa.

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa yankar kati a asibitin gwamnati, ko ya kai ƙara caji ofis, ko ya cike fom ɗin neman tallafi a sakatariyar ƙaramar hukuma, to ya bar wani abu na rayuwarsa a rubuce a hannun hukuma. Sunansa na can, da unguwarsu, da lambar wayarsa, wani lokaci har da ciwon da ko matarsa bai gaya wa ba. Larura ce ta sa ya bayar, domin ba za a duba shi ko a saurari kukansa ba sai ya faɗa. Wanda ya karɓi irin wannan bayani, amana ya karɓa.

Su kuma waɗannan hukumomi da kuɗin jama'a suke aiki, kuma da sunan jama'a. Idan mai naƙuda ta rasu a asibiti don babu likita a bakin aiki, ko wanda aka tsare ya mutu a hannun jami'an tsaro, jama'a na da haƙƙin sanin yadda aka yi, kuma galibi ta bakin 'yan jarida suke ji. Shi ya sa kullum ba a rasa ɗan jarida a ƙofar ofis yana tambaya a kan maganar wani mutum, ga kuma fayil ɗin mutumin a kan teburin ma'aikaci. Me zai faɗa, me zai riƙe? Abin da wannan darasi yake koyarwa shi ne: aikin hukuma na jama'a ne, dole a bayyana shi, sirrin mutumin da hukuma ta yi wa aiki nasa ne, dole a tsare shi. Ƙwarewar ma'aikaci ita ce ya iya raba waɗannan biyun, ko da a shafi ɗaya aka rubuta su.

1. Mene ne bayanan mutum?

Duk abin da za a iya gane mutum da shi, kai tsaye ko ta hanyar haɗa shi da wani abu, ya shiga cikin bayanan mutum. Suna da hoto su ne na fili. Akwai kuma lambar waya, adireshin gida, lambar NIN, lambar BVN, lambar mota, da muryar da aka naɗa.

A cikinsu akwai waɗanda doka ta ware ta ce masu tsananin sirri ne, saboda fitarsu na iya jawo wa mutum tsangwama, ko rasa aiki, ko mutuwar aure, ko ma barazana ga rayuwa. Su ne bayanin lafiyar mutum, addininsa, ƙabilarsa, ra'ayinsa na siyasa, abin da ya shafi shimfiɗarsa, ƙungiyar ƙwadagon da yake ciki, da bayanan halittarsa irin su zanen yatsa.

Akwai kuskuren da ma'aikata da yawa suke yi: su ɗauka da zarar an cire suna, shi ke nan an rufa asiri. A ce kakakin wata hukuma ya gaya wa manema labarai cewa an ci zarafin wata yarinya 'yar shekara 12, 'yar aji shida a firamaren ƙauye kaza, mahaifinta mahauci ne, wanda ake zargi kuma ƙanin mahaifiyarta ne. Bai ambaci sunanta ba, amma kafin la'asar babu wanda bai san ta ba a ƙauyen. A wurin doka, ya fitar da bayananta. Ma'aunin shi ne ko maƙwabtanta za su gane ta daga abin da aka faɗa.

2. Abin da dokokin ƙasa suka tanada

Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya tsaya wa ɓangarorin biyu. Sashe na 37 ya ba da tabbacin sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganganunsa na waya. Sashe na 39 ya ba da 'yancin faɗin albarkacin baki da na karɓa da yaɗa labari. Sashe na 22 kuwa ya ɗora wa kafafen yaɗa labarai nauyin sa ido a kan gwamnati domin ta riƙa yi wa jama'a bayanin abin da take yi. Daga wannan tushe manyan dokoki biyu suka fito.

Ta farko ita ce Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011. Ta ba kowa, ɗan jarida ko manomi, damar neman bayani daga hukumar gwamnati ba tare da ya faɗi dalilinsa ba. Wanda bai iya rubutu ba yana iya sa wani ya rubuta masa. Hukuma na da kwana 7 ta amsa, kuma tana iya ƙara wasu kwana 7 idan takardun na da yawa. Idan za ta hana, sai ta rubuta dalilinta. Idan kotu ta gano an hana ba bisa ƙa'ida ba, akwai tarar naira 500,000. An daɗe ana gardama a kan ko dokar ta hau kan jihohi, har Kotun Ƙoli ta yanke a watan Afrilun 2025 cewa ta hau.

Amma ita wannan doka da ta buɗe ƙofa, ita ce kuma ta ja layi. Sashe na 14 ya umarci hukuma ta ƙi ba da bayanan da suka shafi mutum, irin su fayil ɗin majinyata, ɗalibai, masu karɓar tallafi da waɗanda ke tsare, da kuma sunan wanda ya kai wa jami'an tsaro rahoton wani laifi. Ana iya bayarwa ne idan mai bayanin ya yarda, ko abin ya riga ya zama sananne a fili, ko kuma amfanin jama'a da ke cikin bayyana shi ya rinjayi sirrin mutumin a zahiri. Sashe na 18 ya ƙara da wata dabara mai amfani: idan takarda ta haɗa abin da za a iya bayarwa da wanda ba za a iya ba, sai a rufe na sirrin a miƙa sauran.

Ta biyu ita ce Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 12 ga Yuni, 2023. Ita ce ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, wato NDPC. Dokar ta hau kan kamfanoni da hukumomin gwamnati baki ɗaya. Maƙwabtanmu ma suna da irinta: Gana ta yi tata a 2012, Jamhuriyar Nijar a 2017.

Dokar ta 2023 ta yi sassauci ga masu binciken laifi, da masu yaƙi da annoba, da aikin jarida da ake yi don amfanin jama'a. Sai dai sassaucin bai ɗauke musu manyan ƙa'idojin da ke Sashe na 24 ba. Ga su a taƙaice: a yi amfani da bayani bisa doka da adalci, a yi amfani da shi don abin da aka karɓe shi dominsa, kada a wuce iya abin da ake buƙata, ya zama daidai ne, babu kuskure, kada a riƙe shi fiye da lokacin da ya dace, a kuma tsare shi daga hannun wanda bai kamata ya gani ba. Idan aka auna da ƙa'ida ta biyu kaɗai, za a ga cewa majinyaci ya faɗi ciwonsa ne don a yi masa magani. Miƙa shi ga gidan rediyo wata manufa ce daban, wadda sai an nemo mata hujja ta daban.

3. A caji ofis: wanda ake zargi

Kusan kowa ya taɓa ganin holen waɗanda ake zargi a talabijin ko a waya. An zaunar da su a ƙasa a jere, wasu ko riga babu, an baza kayan da aka ce da su aka kama su a gabansu, an kanga musu makirufo a baki ana cewa su faɗi abin da suka yi. A lokacin babu alƙalin da ya saurare su, yawancinsu ko lauya ba su gani ba. Sashe na 36 na Tsarin Mulki kuwa cewa ya yi duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai kotu ta tabbatar. Wanda aka sallama daga baya ba a kira masa taron manema labarai a wanke shi, hotonsa kuma yana nan yana yawo a Facebook da WhatsApp. Magana zarar bunu ce. Shi ya sa Jihar Legas ta haramta holen a cikin dokarta ta shari'ar laifuka a 2021, a 2025 kuma Sufeto Janar na 'Yan Sanda na lokacin, Kayode Egbetokun, ya jaddada haramcin ga rundunar baki ɗaya.

Wani abu da ya faru a Ingila ya nuna irin tsadar da wannan kuskure ke jawowa. A watan Agustan 2014 'yan sandan Yorkshire ta Kudu suka sanar da wakilin BBC tun da wuri cewa za su binciki gidan shahararren mawaƙi Cliff Richard a kan wani zargi. BBC ta kai jirgi mai saukar ungulu ta ɗauki binciken ta watsa wa duniya. Ba a taɓa kama shi ba, ba a kuma gurfanar da shi ba. A 2016 masu gabatar da ƙara suka ce babu isasshiyar hujja. 'Yan sandan suka nemi afuwa suka biya shi fam 400,000, a watan Yulin 2018 kuma kotu ta yanke masa diyyar fam 210,000 a shari'arsa da BBC. Shi yana da kuɗin ɗaukar manyan lauyoyi. Ɗan acaɓar da aka yi holensa bisa kuskure ba shi da su, don haka nauyin kiyayewa ya fi yawa a kan jami'in da ke riƙe da shi.

Wannan bai hana 'yan sanda magana ba. Suna iya faɗin irin laifin da aka aikata, da ranar, da yankin, da yawan waɗanda aka kama, da matakin da bincike ya kai. Suna iya fitar da hoton wanda ake nema ruwa a jallo ko yaron da ya ɓata, domin a nan fitar da hoton shi ne aikin kansa. Da zarar an gurfanar da baligi a kotu, suna da tuhuma sun fito fili, tunda a bainar jama'a ake shari'a. Bayan hukunci ma doka kan ba da damar bayyana suna don kare jama'a, kamar rajistar waɗanda kotu ta samu da laifin fyaɗe da hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP ta ƙaddamar a 2019.

4. A asibiti, da kuma sha'anin yara

Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce duk bayanin da ya shafi majinyaci, da ciwonsa, da maganinsa, da kwanciyarsa a asibiti, sirri ne. Ba a fitar da shi sai da yardarsa a rubuce, ko umarnin kotu ko wata doka, ko buƙatar waliyyin yaro ko na wanda ba ya cikin hayyacinsa, ko kuma idan rufe shi zai zama babbar barazana ga lafiyar jama'a. Akwai kuma dokar 2014 da ta hana tsangwamar masu ɗauke da cutar ƙanjamau, wadda ta haramta bayyana matsayin mutum ba da yardarsa ba.

Lokacin annobar korona an ga yadda ake yin abin daidai. Da aka tabbatar da mutum na farko ranar 27 ga Fabrairu, 2020, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta sanar cewa ɗan ƙasar Italiya ne mai aiki a Najeriya, ya shigo Legas daga Milan, ana kula da shi a asibitin cututtuka masu yaɗuwa da ke Yaba, kuma ana bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da shi. Sanarwar ba ta ambaci sunansa ba, amma ta ba jama'a duk abin da suke buƙata don su kiyaye kansu. Daga nan hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta NCDC ta riƙa fitar da alƙaluma kullum, jiha-jiha, babu suna ko ɗaya. Da Gwamnan Kaduna na lokacin, Nasir El-Rufa'i, ya kamu a watan Maris na shekarar, shi da kansa ya fito ya faɗa. Bayanin nasa ne, yana da ikon bayyana shi.

Game da yara, dokar ta fi tsanani. Sashe na 205 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ya hana buga duk wani bayani da zai sa a gane yaron da ake tuhuma da laifi, jihohi da dama kuma sun yi tasu dokar a kan wannan tsari. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ita ma ta tanadi rufe sunayen waɗanda shari'arsu ke gaban kotu a ƙarƙashinta. Dalilin a bayyane yake. Yarinyar da aka ci zarafinta za ta girma, za ta nemi makaranta da miji a garin da aka yi ta nuna hotonta. Iyayen da suka ga abin da ya samu wata, gobe ba za su kai ƙara ba, mai laifi kuma ya ci bulus.

5. Idan mai ƙorafi ya riga hukuma zuwa gidan rediyo

Nan ne ma'aikata suka fi zamewa. A ɗauka wata baiwar Allah ta shiga shirin ƙorafi na wani gidan rediyo ta ce ta kwana tana naƙuda a wani asibitin gwamnati babu wanda ya kula ta, har jaririn ya koma. Gari ya ɗauka. Washegari ɗan jarida ya kira kakakin asibitin. Fayil ɗinta na gabansa, kuma a ciki an rubuta cewa tana ɗauke da wata cuta, ba ta kuma zuwa awo a kan lokaci.

"Ranka ya daɗe, ka ji abin da matar nan ta faɗa jiya. Me za ku ce?"

Idan ransa ya ɓaci, amsar da za ta fara zuwa bakinsa ita ce ya karanto fayil ɗin don ya wanke asibiti. In ya yi haka ya karya doka, ya kuma hukunta ta don ta yi kuka. Fitowarta ta yi magana a kan daren naƙudarta ba izini ba ne na buɗe duk tarihin lafiyarta. Amsar da ta dace ita ce irin wannan:

"Malam, mun ji, muna kuma yi mata ta'aziyya. Abin da ke cikin katinta ba zan iya gaya maka ba sai da izininta a rubuce. Abin da zan iya faɗa maka shi ne yawan ma'aikatan da ke bakin aiki a ɗakin haihuwa a daren, da lokacin da aka kira likita, da lokacin da ya iso. An kafa kwamitin bincike, kuma ranar da zai miƙa rahoto zan kira ka."

"To, ranka ya daɗe, idan ita ta yarda fa?"

"Ta rubuto ta sa hannu, ta faɗi abin da ta yarda a faɗa. Iya nan zan tsaya."

A lura da abin da ya faru. Kakakin bai gudu ba, bai kuma ce "ba na cewa komai" ba. Ya ba da duk abin da ya shafi aikin asibiti, wanda shi ne ainihin abin da jama'a ke son sani, ya riƙe abin da ya shafi jikin matar. Idan akwai maganar da ta faɗa wadda ba haka take ba, yana iya cewa bayanan asibiti sun saɓa da ita a kan lokacin isowar likita, misali, ba tare da ya taɓa ciwonta ba.

Kafin kowane ma'aikaci ya amsa irin wannan kira, ya yi wa kansa tambayoyi huɗu. Ni ne aka ba izinin yin magana da yawun wannan hukuma? Wace doka ko wace yarda ce ta ba ni damar fitar da wannan bayani? Zan iya gamsar da jama'a da abin da bai kai wannan ba? Wa zai cutu idan ya fita, kuma cutar za ta gyaru? Bayan nan ya rubuta abin da ya faɗa, da wanda ya gaya wa, da dalili.

Haka kuma babu wani abu wai shi "tsakanina da kai". Ma'aikacin da ya ɗauki hoton shafin fayil da wayarsa ya tura wa abokinsa ɗan jarida ya fitar da bayani ba bisa ƙa'ida ba, ko an buga ko ba a buga ba. Idan ɓarakar na iya cutar da mai bayanin, Sashe na 40 na dokar 2023 ya wajabta wa hukumar ta sanar da NDPC cikin awa 72 da ganowa.

6. Kada a fake da doka a ɓoye gazawa

Akwai kuma kuskuren da yake kishiyar fallasa sirri, kuma shi ma zalunci ne. Wasu hukumomi da zarar an tambaye su abin da zai kunyata su, sai su ce dokar kare bayanai ta hana su magana. Dokar an yi ta ne don kare mutane, ba ta rufe kuɗin kwangila, ko yawan waɗanda suka mutu a tsare, ko adadin likitocin da ke asibiti, ko sakamakon kwamitin bincike ba. Hasali ma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta lissafa sunayen ma'aikatan hukuma da muƙamansu da albashinsu cikin abubuwan da ya kamata a bayyana. Abin da mai riƙe da muƙami ya yi da kujerarsa na jama'a ne.

Dokar ta 2011 ta kuma kare ma'aikacin da ya fallasa ɓarna. Sashe na 27 ya ba da kariya ga jami'in da ya bayyana abin da yake da dalilin gaskata cewa karya doka ne, ko almubazzaranci, ko zamba, ko wuce gona da iri, ko haɗari ga lafiyar jama'a. Wanda ya tona cewa ana karkatar da magungunan asibiti zuwa kasuwa ya yi wa jama'a aiki. Wanda ya tona sunayen masu karɓar maganin ya ci amanarsu. Wanda kuma ya lalata ko ya sauya takarda don kada a gani, Sashe na 10 ya tanadar masa ɗaurin da bai gaza shekara 1 ba.

7. Nauyin da ke kan ɗan jarida

Samun bayani a hannu bai wajabta buga shi ba. Ƙa'idojin aikin jarida da ƙungiyoyin 'yan jaridun Najeriya suka amince da su a Ilorin a 1998 sun ce a mutunta sirrin mutum da iyalinsa, sai fa idan ana tona laifi ko mummunar ɗabi'a, ko kare lafiya da tsaron jama'a, ko hana a yaudare su. Sun kuma hana bayyana suna ko hoton yaron da bai kai shekara 16 ba a shari'ar da ta shafi lalata ko wani laifi, ko shi aka zalunta, ko shaida ne, ko shi ake tuhuma. Abin da jama'a ke marmarin ji daban, abin da zai amfane su daban. A yau da kowa ke da waya a hannu, wannan nauyi ya hau kan duk mai tura saƙo a zauren WhatsApp.

8. Idan an fallasa bayananka

Da farko ka adana hujja: hoton shafin, ko muryar shirin, da rana da lokaci. Sannan ka rubuta wa hukumar da ta fitar, ka nemi ta gaya maka abin da ta bayar, da wanda ta ba, da dalili. Dokar 2023 ta ba ka haƙƙin ganin bayananka da neman a gyara kuskure. Ka riƙe kwafin takardar da aka buga wa hatimin karɓa. Idan ba ka gamsu ba, ka kai ƙorafi ga NDPC, wadda ke da ikon bincike da umartar a biya diyya da cin tara. Ga manyan masu riƙe bayanai tarar na iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ga sauran kuma naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100. Kana kuma da damar shigar da ƙara a kotu. Wanda aka hana bayanin da ya nema a ƙarƙashin dokar 2011 shi ma yana da kwana 30 ya garzaya babbar kotu.

Taƙaitawa

Hukuma na riƙe da bayanan jama'a ne a matsayin amana. Wajibi ne ta yi wa 'yan jarida cikakken bayani a kan aikinta, kuma haramun ne ta fitar da sirrin mutum ba tare da yardarsa ko hujjar doka ba. Cire suna bai isa ba idan za a iya gane mutumin. Majinyata, yara, waɗanda aka ci zarafinsu da waɗanda ba a gurfanar ba su suka fi buƙatar kariya. Fakewa da doka don ɓoye gazawa laifi ne kamar yadda fallasa yake laifi.

Tambayoyi

1. Kawo misalai biyar na bayanan mutum, ka nuna waɗanda ke cikin masu tsananin sirri.
2. A waɗanne halaye uku Sashe na 14 na dokar 2011 ya yarda a ba da bayanin da ya shafi mutum?
3. Me ya sa holen waɗanda ake zargi ya saɓa wa Sashe na 36 na Tsarin Mulki?
4. Me sanarwar farko ta korona ta faɗa, me kuma ta riƙe?
5. Mene ne bambanci tsakanin mai fallasa ɓarna da mai fallasa sirrin jama'a?

Aikin aji da na gida

A aji, ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama ɗan jarida, ɗaya ya zama shugaban makarantar da aka kori ɗalibi bisa zargin sata, mahaifinsa kuma ya kai kuka gidan rediyo. Sauran ɗalibai su saurara su nuna inda aka faɗi abin da bai kamata ba, da inda aka ɓoye abin da ya kamata a faɗa.

A gida, ka saurari labaran rediyo na mako guda, ka rubuta rahoto ɗaya da ka ga an tsare mutuncin mai labarin, da ɗaya da ka ga an keta shi, tare da dalilinka. Sannan ka duba wayarka. Idan akwai hoton majinyaci, ko na yaro, ko na wanda ake zargi da aka turo maka, ka goge shi, kada ka tura wa kowa. Idan kuma kai ma'aikaci ne, ka tambayi shugabanka tun yau wanda aka ba izinin amsa wa 'yan jarida a ofishinku, kada ka bari sai ranar da aka kira ka.